Tambayoyi da amsoshi kan yadda ake rarraba filayen tushe a wasan katin Magic: The Gathering

Katunan da sabon ɗan wasa ya fi rainawa a Magic su ne filaye, kuma a kansu ne aka fi yawan kiran alƙalin wasa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaitawa a teburin wasa. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu sarƙaƙiya. An bar sunayen katuna da kalmomin da aka buga a jikinsu yadda suke, domin da su za ka gane katin idan ya zo hannunka.

Mene ne katin fili, kuma me ya sa ba a wasa sai da shi?

Masanin lissafi Richard Garfield ne ya ƙirƙiro Magic, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da shi a 1993. Kusan kowane kati a wasan yana da farashi da aka buga a kusurwarsa ta sama daga dama. Ana biyan wannan farashi da wani ƙarfi da ake kira Mana, kuma filaye ne ke samar da shi. A kowane zagayenka kana da damar ajiye fili ɗaya a fage. Idan kana bukatar Mana sai ka karkata katin ya kwanta a gicciye, in zagayenka ya sake zuwa ka miƙar da shi ka sake amfani da shi.

Shi fili ba a biyan komai kafin a ajiye shi, kuma ba a lissafa ajiye shi a matsayin jefa sihiri. Saboda haka katunan da ke soke sihiri, irin su Counterspell, ba su da ikon hana ka ajiye fili.

Filayen tushe guda nawa ne?

Biyar ne tun farkon wasan, kowanne da launin Mana da yake bayarwa. Plains, wato sararin makiyaya, yana ba da fari. Island, tsibiri, yana ba da shuɗi. Swamp, fadama, yana ba da baƙi. Mountain, tsauni, yana ba da ja. Forest, kurmi, yana ba da kore.

Amma idan sunayen katuna ake ƙirgawa, sha biyu ne. A 1995 saitin Ice Age (saiti shi ne rukunin sabbin katuna da kamfanin ke fitarwa tare) ya kawo takwarorin waɗannan biyar masu lulluɓe da dusar ƙanƙara, kamar Snow-Covered Forest. A 2016 aka ƙara Wastes, a 2024 kuma saitin Modern Horizons 3 ya kawo Snow-Covered Wastes. Kowanne daga cikin waɗannan rukunai biyu na baya yana da tasa tambayar a ƙasa, domin ba daidai suke da biyar na farko ba ta kowace fuska.

A ina zan duba in gane rukunin da kati yake?

A siririn layin da ke tsakanin hoto da akwatin rubutu. Suna ba ya rarraba kati, hoto ma haka. Ɗauki Forest na zamani, za ka ga an rubuta Basic Land — Forest. Kalmomin nan uku matakai uku ne daban-daban. Basic laƙabi ne da ake ɗora wa kati. Land shi ne jinsin katin, wanda ya raba shi da halittu da kayan aiki da sauran sihiri. Abin da ya biyo bayan jan layin, wato Forest, shi ne dangin da filin ya fito.

Laƙabin ba Basic kaɗai ba ne. Akwai Legendary, akwai Snow, kuma kati ɗaya yana iya ɗaukar biyu, kamar Dark Depths da yake Legendary kuma Snow a lokaci guda. Tsofaffin katuna ba su da wannan cikakken layi. Kafin Eighth Edition na 2003, kalmar Land kawai za ka gani a kan Forest. Wannan ba ya canza komai, domin hukunci yana bin rubutun da kamfanin ya sabunta a rumbunsa na Oracle, ba abin da aka buga shekaru talatin da suka wuce ba. Forest na 1993 da na bana abu ɗaya ne a idon doka.

Mene ne bambancin filin tushe da fili mai dangin tushe? Ba abu ɗaya ba ne?

Ba abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya riƙe wannan amsar ya gama da rabin tambayoyin da suka rage. Filin tushe shi ne duk filin da ke ɗauke da laƙabin Basic. Dangogin tushe kuwa su ne kalmomi biyar ɗin nan: Plains, Island, Swamp, Mountain da Forest, idan sun zo bayan jan layi. Ruɗanin yana zuwa ne saboda kalmar Forest tana aiki biyu, sunan kati ce kuma sunan dangi ce.

Dubi Savannah, ɗaya daga cikin tsofaffin filaye masu launi biyu na farkon wasan. Layinsa yana cewa Land — Forest Plains. Ɗan dangin Forest ne, ɗan dangin Plains ne, amma babu Basic a gabansa, don haka ba filin tushe ba ne. Kamar ɗan gidan sarauta ne da ba a naɗa masa rawani ba: duk abin da aka ce a yi wa 'yan gidan ya shafe shi, abin da aka keɓe wa masu rawani kuwa bai kai gare shi ba. Haka Temple Garden na saitin Ravnica na 2005 yake, haka filayen Triome masu dangi uku na saitin Ikoria na 2020, haka kuma Dryad Arbor na 2007, wanda fili ne kuma halitta ce a lokaci guda.

Saboda haka idan kati ya ce Forest ba tare da wani ƙari ba, dangi yake nufi, kuma Savannah ya shiga. Idan ya ce basic land, laƙabi yake nufi, Savannah ya fita. Idan ya haɗa su ya ce basic Forest, sai mai laƙabin da dangin gaba ɗaya, wato Forest ɗin da ka sani ko takwaransa mai dusar ƙanƙara.

Me ya sa babu rubutu a kan Forest, sai wata babbar alamar bishiya?

Saboda ba a bukatarsa. Dokokin wasan sun ce duk filin da yake da ɗaya daga cikin dangogi biyar ɗin, kai tsaye yana da ikon ba da Mana na launin dangin. Ikon yana fitowa ne daga dangin, ba daga laƙabin Basic ba. Shi ya sa Savannah ke ba da kore ko fari ko da ba a rubuta ba, kuma shi ya sa idan wani sihiri ya mai da fili ɗan dangin Swamp, nan take zai iya ba da baƙi. Tsofaffin bugu suna ɗauke da rubutun, daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ga babbar alamar.

Forest kati ne kore?

A'a. Launin kati yana fitowa ne daga alamomin Mana da ke cikin farashinsa, fili kuwa ba shi da farashi. Don haka dukan filayen tushe ba su da launi, komai korensu ko jansu a ido. Sihirin da ya ce a lalata duk wani abu kore da ke fage ba zai taɓa Forest ba. Dryad Arbor ya zama kore ne kawai saboda an yi masa alama ta musamman da ta ba shi launin.

Guda nawa zan iya sakawa a damin katunana, wato tarin katunan da nake wasa da su?

A tsarin da kake haɗa daminka tun daga gida, kamar Standard da Pioneer da Modern da Legacy, dami ba ya gaza katuna 60, kuma ba a yarda ka saka fiye da huɗu masu suna ɗaya ba. Filayen tushe ne aka cire daga wannan ƙa'ida. Kana iya saka Mountain 20, babu mai ce maka uffan. Temple Garden kuwa huɗu ne iyakarsa, saboda dalilin da aka bayyana a tambayar bambancin laƙabi da dangi.

Akwai 'yan katuna da suka karya ƙa'idar huɗu ba tare da sun zama na tushe ba. Relentless Rats ya faɗa da bakinsa cewa a saka ko nawa ne, Seven Dwarves ya ce har bakwai. Izinin nasu yana cikin rubutun katin ne. Batun adadin filaye gaba ɗaya kuwa ba doka ba ce, al'ada ce: yawanci wajen 24 a damin 60, 17 a damin 40, sannan 36 zuwa 38 a damin 100. Mai katuna masu arha yakan rage, mai manyan katuna yakan ƙara.

A gasar da ake buɗe fakiti a wurin, daga ina filayen ke fitowa?

A Draft da Sealed, inda dami ba ya gaza katuna 40, masu shirya gasa kan ajiye tarin filaye a gefe kowa ya ɗiba. Dokar gasa ta yarda ka ƙara Plains, Island, Swamp, Mountain da Forest ko nawa kake so, ko da ba ka same su a fakitinka ba. Ba ta ba da wannan izini ga Wastes da masu dusar ƙanƙara ba. Su sai waɗanda ka buɗe ko ka zaɓa da hannunka. Waɗanda suka yi Draft na saitin Kaldheim a 2021 sun san wannan sosai, domin sau da yawa sai mutum ya bar halitta mai kyau ya ɗauki Snow-Covered Island saboda damin nasa ya dogara da ƙanƙara.

Wane irin fili ne Wastes?

Shi ne kishiyar Savannah: yana da laƙabin, ba shi da dangin. Layinsa Basic Land ne kawai, babu komai bayansa. Ya fito a saitin Oath of the Gatewatch a watan Janairun 2016, yana nuna kufan da dodannin Eldrazi suka bari a duniyar Zendikar. Tun da ba shi da dangin da zai ba shi iko, Mana marar launi da yake bayarwa iko ne nasa na kansa.

Tare da shi aka shigo da alama mai siffar lu'ulu'u, wadda ta raba abubuwa biyu da a da ake cakuɗawa. Lamba a cikin da'ira tana nufin a biya da kowane irin Mana. Alamar lu'ulu'u kuwa tana nufin lallai sai marar launi. Thought-Knot Seer, alal misali, farashinsa uku na kowane iri da ɗaya marar launi, don haka Forest huɗu ba za su biya shi ba. Tun da na tushe ne, ana iya saka Wastes ko nawa, amma sai a tsarin da saitin da ya fito a ciki ke halatta. Yadda yake da katunan nemo fili da kuma lissafin Domain yana cikin tambayoyinsu a ƙasa.

To masu dusar ƙanƙara fa? Me zai hana kowa ya koma gare su?

Snow-Covered Forest yana da laƙabi biyu, Basic da Snow, sannan dangin Forest. Duk abin da Forest ke yi yana yi, duk katin da ke nemo Forest ko filin tushe zai same shi. Abin da ya ƙara shi ne Mana da ya fito daga gare shi yana iya biyan farashi mai alamar ƙanƙara, wadda saitin Coldsnap ya shigo da ita a 2006. Sunansa kuma daban ne, abin da ke da amfani ga katunan da ke ƙirga filaye masu sunaye mabambanta, irin su Field of the Dead.

Gaskiyar magana, abin da ke hana mutane komawa gare su bai taka kara ya karya ba, kuma a ganina wannan rauni ne a tsarin rarrabawar: an yi kati wanda ya fi takwaransa ba tare da wata hasara ta kirki ba. An ga illar hakan bayan Modern Horizons na 2019, lokacin da Arcum's Astrolabe, ƙaramin kati mai farashin Mana ɗaya na ƙanƙara, ya bai wa masu filayen tushe damar samun kowane launi. Sai da aka haramta shi a tsarin wasa na Pauper da Modern da Legacy ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke taka musu birki shi ne halaccin saiti, domin ba kullum suke cikin Standard ba, sai kuma 'yan katuna ƙalilan da ke hukunta masu ƙanƙara. A lura kuma, ba duk mai laƙabin Snow ne na tushe ba. Arctic Treeline na Kaldheim yana da Snow da dangogin Forest da Plains, amma huɗu ne iyakarsa.

Wane katin nemo fili ne ke iya ɗauko wane fili?

Karanta kalmar da ke gaban card a rubutun katin. Evolving Wilds, Terramorphic Expanse, Rampant Growth, Cultivate da Prismatic Vista duk basic land card suke cewa. Za su ɗauko kowanne daga cikin sha biyun nan, har da Wastes, amma ba za su ɗauko Temple Garden ba. Windswept Heath na saitin Onslaught na 2002 kuwa cewa yake a nemo Forest ko Plains. Dangi yake nema, don haka zai ɗauko Temple Garden, Savannah, Triome mai ɗaya daga cikin dangogin biyu, har da Dryad Arbor, amma ba zai ga Wastes ba. Nature's Lore ma dangin Forest yake nema, Farseek kuma sauran dangogi huɗun.

Wannan ɗan bambancin ne ya sa Windswept Heath da 'yan uwansa tara suka fi Evolving Wilds daraja nesa ba kusa ba. Da biyan makin rai ɗaya, daga cikin makin da ɗan wasa ke farawa da su, waɗanda in sun ƙare ya faɗi, kati guda yana iya kai ka ga kusan kowane launi idan ka tsara filayenka da kyau. Sabon ɗan wasa yakan ga katunan biyu ya ɗauka aikinsu ɗaya, har sai ranar da ya miƙa hannu zai ɗauko Temple Garden da Evolving Wilds abokin karawarsa ya dakatar da shi.

Irin wannan rarrabewa tana nan a filayen da ke shigowa a karkace. Sunpetal Grove yana shigowa a miƙe idan kana da Forest ko Plains, don haka Temple Garden ɗaya ya ishe shi. Canopy Vista na saitin Battle for Zendikar na 2015 yana son ka riga ka mallaki filayen tushe biyu ko fiye, kuma Temple Garden goma ba za su gamsar da shi ba, alhali Wastes biyu za su yi.

Idan sihiri ya canza fili, laƙabinsa ma yana canzawa?

Ba ya canzawa sai in katin ya faɗa. Blood Moon, wanda ya fara fitowa a saitin The Dark a 1994, ya ce duk filin da ba na tushe ba ya zama Mountain. Abin da ke faruwa da Temple Garden a ƙarƙashinsa shi ne ya rasa dangoginsa biyu da duk rubutunsa, ya zama ɗan dangin Mountain mai ba da ja kawai. Sunansa na nan Temple Garden, kuma har yanzu ba na tushe ba ne. Windswept Heath ma yana rasa ikon nemowa. Forest da Island da Wastes kuwa ko gezau.

Spreading Seas yana nuna abin ta ɗaya gefen. Idan aka ɗora shi a kan Forest na tushe, katin zai ci gaba da amsa sunan Forest, laƙabin Basic na nan, amma danginsa ya koma Island, shuɗi kawai zai bayar. Duk katin da ke ƙirga Forest ba zai ƙirga shi ba.

Sai a kula da kalmomin in addition to. Urborg, Tomb of Yawgmoth ya ce kowane fili Swamp ne ƙari a kan dangoginsa, Yavimaya, Cradle of Growth ma haka yake yi da Forest. Su ba sa goge komai, ƙari suke yi, don haka fili yana riƙe rubutunsa ya kuma sami sabon launi. Idan Blood Moon da Urborg suka haɗu a fage, Blood Moon ne ke rinjaye, domin Urborg kansa ba na tushe ba ne, rubutunsa yana gogewa kafin ya yi aiki.

Yaya ake lissafin Domain?

Domain, lissafin da wasu katuna ke auna ƙarfinsu da shi, ya fara ne a saitin Invasion na 2000, kuma dangogi yake ƙirgawa a cikin filayen da kake da su, daga sifili zuwa biyar. Forest bakwai ɗaya ne a lissafinsa. Temple Garden guda ɗaya biyu ne. Indatha Triome da Raugrin Triome, katuna biyu kacal, sun cika biyar ɗin, sai Tribal Flames ya yi ɓarnar maki biyar da Mana biyu. Wastes ba ya ƙara komai a nan, kuma ana iya ganin hikimar hana shi dangi: da an ba shi, da lissafin ya koma shida, da duk tsofaffin katunan da aka gina a kan biyar sun canza ma'ana.

Idan filaye masu launi biyu sun fi amfani, me zai sa in saka na tushe?

Na farko, ba sa neman komai a wurinka. Ba sa shigowa a karkace, ba sa cin makin rai kamar Temple Garden da ke karɓar biyu in kana son sa a miƙe. Na biyu, masu tsara wasan sun daɗe suna ajiye bulala ga wanda ya yi watsi da su. Wasteland na saitin Tempest na 1997 yana lalata filin da ba na tushe ba. Back to Basics na 1998 yana hana irin waɗannan filaye miƙewa. Price of Progress yana cire wa kowane ɗan wasa maki biyu a kan kowane ɗaya da yake da shi, kuma mai filaye biyar irin haka ya rasa rabin ransa na 20 a bugu ɗaya. Ga kuma Blood Moon da aka yi bayani a sama.

Na uku ya fi ɓoyuwa. Wasu katunan abokin karawa suna ba ka diyya, amma da filin tushe kawai. Path to Exile yana kawar da halittarka ya ba ka damar nemo ɗaya, Ghost Quarter yana lalata filinka ya ba ka irin wannan dama. Wanda daminsa babu ko ɗaya ya tashi a tutar babu. Shi ya sa ko a Legacy, inda ake da mafi kyawun filaye masu launi biyu, da yawa daga cikin gwanaye kan ajiye Island ɗaya ko biyu.

A tsarin Commander akwai wani bambanci?

Dami katuna 100 ne cif, kuma kowane suna sau ɗaya kawai, ban da filayen tushe. Amma akwai sharaɗin launi. Duk da cewa Forest ba shi da launi, kamar yadda aka faɗa a sama, doka ta ce fili mai dangin tushe ba ya shiga dami sai idan duk launin da zai iya bayarwa yana cikin launukan kwamandanka, wato katin da ka zaɓa ya jagoranci daminka. Mai kwamanda kore zalla ba zai saka Plains ba, ba zai saka Temple Garden ba. Zai iya saka Windswept Heath, domin shi ba shi da dangi kuma babu alamar Mana a rubutunsa.

Wanda ya fi cin moriyar Wastes shi ne mai kwamanda marar launi. Kafin 2016 ba shi da filin tushe ko ɗaya da zai iya sakawa, dole ya tattaro filaye daban-daban sama da talatin.

Desert da Gate su ma dangogin tushe ne?

Dangogin fili ne, amma ba na tushe ba. Haka Cave, Lair, Locus da Urza's. Kasancewa ɗan waɗannan dangogi ba ya ba fili wani Mana, sai abin da aka rubuta a jikinsa, kuma Domain ba ya ƙirga su. Amfaninsu shi ne wasu katuna su ambace su, kamar Maze's End da ke ba ka nasara idan ka tara Gate goma masu sunaye daban-daban.

Hoto, harshe ko tsadar kati suna canza rukuninsa?

Ko kaɗan. Forest da aka buga da Japananci, da mai hoto cike da fuskar kati irin na Unglued na 1998 ko Zendikar na 2009, da mai ƙyalli, duk Forest ne, kuma kana iya cakuɗa su a dami ɗaya muddin ba za a iya gane su ta baya ba. Katuna masu ƙyalli sukan lanƙwashe, don haka idan filayenka kaɗai ne masu ƙyalli alƙali yana iya cewa ka canza su.

Akwai wata rarrabawa ta daban da ba ta shafi wasa ba, wato ta yawan kati a fakiti. A ƙasan katunan zamani akwai harafi: C, U, R ko M, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. Filayen tushe L ake sa musu, rukuninsu daban. Masu tara katuna kuwa suna da nasu lissafin. Saitin Arabian Nights na ƙarshen 1993 bai kamata ya ƙunshi filin tushe ba, amma Mountain guda ya maƙale a takardar bugu, kuma yau ana neman sa da tsada ko da yake a teburi ja ɗaya yake bayarwa kamar kowane Mountain.

Sauran wasannin kati ma haka suke rarraba nasu?

Wanda ya fi kama da Magic shi ne wasan katin Pokémon, da ya fara a Japan a 1996. Dami katuna 60 ne daidai, huɗu ne iyakar kowane suna, ban da katunan Basic Energy. Ana liƙa ɗaya a kowane zagaye, amma a jikin Pokémon guda ake liƙa shi, ba a gefe ake tara su ba kamar filaye. An fara da shida: Grass, Fire, Water, Lightning, Psychic da Fighting. Darkness da Metal sun shigo ne a matsayin Special Energy masu iyakar huɗu, sai a zamanin Diamond & Pearl a 2007 aka fitar da na tushensu. Fairy ya zo a 2014, aka daina buga sabbin Pokémon na wannan rukuni daga 2020. Babu Basic Energy na Colorless ko na Dragon, kuma Double Colorless Energy na musamman ne. Tarkon iri ɗaya ne da na Magic: katin da ya ce a nemo Basic Energy ba zai ɗauko Special Energy ba, ko da irin ƙarfin da suke bayarwa ɗaya ne.

Wasu wasannin sun kauce wa matsalar gaba ɗaya. Yu-Gi-Oh! ba shi da irin waɗannan katuna, iyakarsa uku a kowane suna. Disney Lorcana na 2023 yana barin ka kifa katin da ke da alamar tawada ya zama abin biya, don haka tambayar can ita ce ko katin yana da alamar ko babu. Wasan katin One Piece ya ware katunan DON!! guda goma a wani ƙaramin dami na daban, Hearthstone kuma na'ura ce ke ƙara maka Mana ɗaya a kowane zagaye har ya kai goma.